Ranar da Keken Shugaba Ya Hau Tudu

A San Bartolo ba mutane ke zaɓen shugaban ƙasa ba, kwat ce ke zaɓa. Baƙar kwat ce guda ɗaya tak ta ƙananan yara, da wandonta da ɗamararta mai launin tuta, wadda wani tela ya ɗinka wa makarantar tun kafin a jawo wutar lantarki zuwa garin. Duk shekara idan watan Maris ya kama, Malama Herlinda takan ciro ta daga akwati, ta kaɗe ta, ta jera 'yan ajinta masu shekara biyar-biyar ta gwada musu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ta zauna wa daidai, shi ne zai fito a matsayin Benito Juárez, shahararren shugaban ƙasarmu na da, a bikin wannan shekara. An kafa dokar ne bayan wata shekara da iyaye mata biyu suka daina gaisawa har Kirsimeti a kan ɗan wa za a ɗauka. Tun daga nan aka samu lafiya, don har yau ba a ga wanda ya iya yin faɗa da kwat ba.

Bana yara goma sha ɗaya ne a ajin, huɗu maza. Uku daga ciki kwat ɗin ta haɗiye su, ko yatsunsu ba su leƙo ba. Na huɗun shi ne Fidencio, ɗan mai gidan burodi, wanda hannu ɗaya kawai aka sa masa aka ji ɗinki ya fara kuka. Malama ta yi maza ta zare.

"Malama, in na riƙe numfashina za ta shiga," in ji Fidencio.

"Daga nan har tasha za ka riƙe shi?"

"Zan iya."

"Kai da ko bakinka ba ka iya riƙewa na minti ɗaya ba? Je ka zauna. Ƙudan zuma za ka yi, ya ma fi dacewa da kai."

Sai aka koma kan mata. Da aka zo kan Macrina, wata 'yar siririya mai kitso biyu da ba ta cika magana ba, kwat ta hau jikinta kamar ita aka auna. Yarinyar ta dubi hannayenta, ta shafa maɓallan, ta yi wani murmushi da Malama ba ta taɓa gani a fuskarta ba tun da aka koma makaranta. Ran Malama ya yi fari ƙal.

Kafintan garin, wanda ake kira Don Tiburcio, shi ne kaɗai ya yi gunaguni, da labari ya je masa. Shi ne mai kula da keken dokin shugaba, wani baƙin akwati mai ƙafa huɗu da labule wanda ya ƙera da hannunsa, shi ya sa yake ganin yana da ta cewa a sha'anin mulki.

"Shugaban ƙasa da kitso?" ya ce, yana tsaye a bakin makaranta da gwangwanin baƙin fenti. "Ni dai ban taɓa ji ba."

Bai san Doña Eufrosina, kakar Macrina, tana bayansa ba. Ta zo ɗaukar jikarta.

"Tiburcio, kai da ko sili ɗaya babu a kanka, me ya haɗa ka da maganar gashi? Kwat ta zaɓa. In ba ka yarda ba, zo a gwada maka."

Don Tiburcio ya juya, ya koma shafa fentinsa.

Ranar ashirin da ɗaya ga Maris biki biyu ake haɗawa, ranar haihuwar Juárez da ranar shigowar bazara, shi ya sa shugaban ƙasarmu yake tafiya da ayarin da babu wani shugaba a duniya mai irinsa: ƙudajen zuma, da malam-buɗe-littafi, da furanni masu ƙafa, da tumaki na auduga, duk yaran makarantar ne cikin shigar wasa. Ana tashi daga ƙofar makaranta a can ƙolin tudu, 'yan badujala a gaba, a gangara har tashar bas da ke ƙasan gari. A can ne ake da inuwa da fili, a can mata ke jira da tukwanen tamal, wato ƙullin masara da ake dafawa cikin ganye, da kunun masara mai cakulan. Da an isa sai a ciro shugaba daga keke, a tuɓe masa kwat nan take kada miya ta ɓata ta, a ɗora keken a bayan motar ɗaukar itace a mayar da shi sama. Shekara ashirin da shida Malama Herlinda tana yin haka, kuma ba ta taɓa ganin aibinsa ba.

Darasin tarihin Juárez ma haka yake, bai taɓa canzawa ba. Hotuna huɗu take da su a kwali, ta zana su tun tana budurwa. Na farko yaro ne da tumaki a bakin tafki: ga shi nan, maraya ne, ɗan duwatsun nan namu, yarenmu yake yi, yana yi wa kawunsa kiwo. Na biyu yaron ne a kan hanya: yana da shekara goma sha biyu ya taka da ƙafa har birnin Oaxaca. Na uku littattafai ne: ya yi karatu, ya zama lauya, ya zama gwamna, ya zama shugaban ƙasa. Na huɗu baƙin keken doki ne: sojojin Faransa suka zo suka cinye babban birni, shi kuwa ya ƙi miƙa musu ƙasa, ya shiga wannan keke ya yi arewa, daga wannan gari zuwa wancan, yana mulki daga kan hanya.

Yaran ba su damu da Faransa ba ko kaɗan.

"Malama, wa ya bar wa tumakin?"

"Malama, dawakan suna cin tamal?"

"Malama, in yana jin fitsari a cikin keken fa?"

Da ƙyar ta tsayar da su. Ta ce to, wa zai maimaita mana labarin? Fidencio ya miƙe tun ba a kira shi ba.

"Ya bar tumaki ya tafi. Ya bar garinsu ya tafi. Sai aka kore shi ya sake tafiya. Shi ke nan."

Ajin ya kwashe da dariya, Malama ma ta dara. Ba ta lura cewa Macrina ba ta yi dariya ba.

Saura kwana huɗu biki aka fito gwaji. Don Tiburcio ya turo keke yana ƙyalli, ya ɗaga labule, ya rusuna da zolaya ya ce, "Ranki ya daɗe, bismillah." Macrina ta leƙa ciki, ta dubi hanyar da ta gangara, sai ta juya da gudu ta shige aji, ta shiga ƙarƙashin teburin Malama ta naɗe. Aka yi lallashi, aka yi alkawarin alewa, aka ce keken da igiya ake riƙe shi, ba zai suɓuce ba. Ko motsi. Da aka matsa mata sai ta ce a ba Fidencio.

Abin ya tsaya wa Malama a rai ƙwarai. Ba bikin ne damuwarta ba; in ta kama, a sa wa wani yaro kwat a naɗe hannun da allura. Murmushin nan na ranar gwada kwat ne ya dame ta. Sau ɗaya ta gan shi, kuma ba ta son a ce ita ce ta kashe shi ba tare da ta san da me ta kashe shi ba.

Da la'asar ta gangara gidansu. Ta tarar da Doña Eufrosina tana gasa wainar masara a kan faranti na ƙasa, Macrina kuma tana gefe tana ɓare masara a kwando.

"Malama ce da kanta? Shigo, shigo. Ga shugabar ƙasarku nan, ta yi murabus tun ba a rantsar da ita ba."

Aka ba ta kujera da kofi. Tsohuwar ta rage murya ta ce, "Ni ma ban gane mata ba. Amma ki sani, yarinyar nan ba ta zuwa tasha. Ko gishiri na aike ta shagon can ƙasa, sai ta ce ƙafarta na ciwo. Tun bara ne, da uwarta ta bi ubanta Amurka. A can muka raka su duka biyun, shi shekara biyu ke nan, ita ɗaya."

Malama ta ja kujerarta kusa da kwandon, ta ɗauki masara ɗaya ta fara ɓarewa. Sai da suka ɓare uku-uku sannan ta yi magana.

"Macrina, kina son kwat ɗin?"

Yarinyar ta gyaɗa kai.

"To me ya sa ba kya son keken?"

"Ina Leobardo?"

Leobardo shi ne shugaban ƙasa na bara. Bayan biki da 'yan makonni iyayensa suka kwashe suka koma birni da shi.

"Ai kin san sun tashi," in ji Malama.

"Na gani," in ji Macrina, ba ta ɗago kai ba. "An kai shi tasha a keke. Keken ya dawo a mota, ba kowa a ciki. Kuma ke kika ce shi ma mai tumakin ya shiga keke ya tafi. Ni ba zan tafi ba. Wa zai ɗebo wa Kaka ruwa?"

Doña Eufrosina ta juya baya, wai tana gyara itace.

"Amma ai ya dawo," in ji Malama. "Shekara huɗu ya yi a hanya, aka ci yaƙi, ya koma babban birni, mutane suka fito suna ta murna."

Macrina ta ɗago ta dube ta ido cikin ido. "A wane hoto?"

Malama ta tuna kwalayenta huɗu. Babu hoton. Kullum takan faɗi ƙarshen labarin ne a tsaye, tana tattara kwalaye, yara suna rige-rigen fita tara. Shekara ashirin da shida tana koya wa 'ya'yan garin da rabin mazansa suka bi ta tashar nan cewa babban mutum shi ne wanda ya tafi, sannan ta fito da su kan titi ta nuna musu a aikace. Kunya ta kama ta.

Daga nan shagon Don Tiburcio ta wuce. Ta ce masa bana keke zai sauka, kuma zai hau, da shugaba a ciki.

Ya ajiye zarto. "Malama, lafiyarki kuwa? Wannan tudun? Saukar da shi ma mutum uku ke riƙe igiya. Katakon gaske na sa masa, ba kwali ba."

"Na sani."

"Su wa za su tura? Ƙartin garin duk suna can suna tsinkar tumatir a ƙasar wasu. Mu da muka rage, in ka haɗa haƙoranmu ba su cika baki ɗaya ba."

"A kira gayya."

"Gayya don gyaran hanya ce da rufin coci da bututun ruwa. Ba a taɓa kiran gayya don wasan yara ba. Kuma 'yan badujala fa? Ki taɓa busa ƙaho kina hawan tudu ki gani."

Sai ta gaya masa abin da Macrina ta ce, kamar yadda ta faɗa, har da maganar ruwan Kaka. Don Tiburcio yana da 'ya'ya uku a can ƙetare. Ya daɗe yana shafa sanƙonsa.

"Sai na sa wa ƙafafun mai," ya ce. "Kuma a samo duwatsu biyu na tare ƙafa, in mun tsaya hutawa."

Washegari lasifikar da ke kan ofishin gari ta kira gayya: duk mai hannu biyu ya zo tasha ranar biki. Doña Eufrosina ta ɗauki nauyin mata masu tamal, ta bi su gida-gida ta ce bana a ƙofar makaranta za a ci, wadda kuma ta kai tukunyarta tasha ita za ta cinye abinta. Malama kuwa ta samo kwali ta zana hoto na biyar. Hannunta ya manta zane, amma ta yi: ga keke ya juyo, ga mutane sun ɗaga hannuwa.

"Malama, karnuka ne ke jan keken?" in ji Fidencio.

"Dawakai ne. Sun gaji ne, shekara huɗu suna tafiya."

Bayan an tashi Macrina ta tsaya ita kaɗai a gaban hoton. Ta sa yatsa a kan keken, ta bi shi har inda mutanen suke.

"Malama, duk wanda ya sauka tasha yana dawowa?"

Amsa mai daɗi tana nan a bakin Malama, saura ta fito. Sai ta tuna yayanta Ausencio, wanda ya hau bas a tashar nan tana 'yar shekara goma sha tara, ya yi wasiƙa sau biyu, shi ke nan. Ta durƙusa har fuskarsu ta yi daidai.

"A'a, 'yata. Ba kowa ba. Amma wannan ya dawo. Ke ma ranar biki za ki dawo, ni da kaina zan tura ki."

Macrina ta sake duban hoton, sannan ta ce, "To a bar labulen a buɗe."

Ranar biki gari ya waye fes. Aka tura kitson Macrina cikin wuyan kwat, aka tsaga mata gashi a gefe, aka kwantar da shi da ruwan lemon tsami, aka ɗaura mata ɗamara kore da fari da ja. Ta shiga keke ta zauna ƙam, fuska a ɗaure, har Don Tiburcio ya ce shi dai bai taɓa ganin shugaba mai kwarjinin wannan ba. Badujala ta tashi. Ƙudajen zuma suka bi, wata fure ta taka wa tunkiya wutsiya aka yi ɗan kuka, aka wuce.

Da aka iso tasha sai ga bas ɗin Oaxaca a tsaye, inji na ruri, yaron mota yana ɗora buhuna. Malama ta ga yatsun Macrina sun damƙe bakin taga. Ta matsa ta dafa hannun, ta ɗaga murya ta ce, "A juya!"

Aka juya keke ya fuskanci tudu.

Ban taɓa ganin gayya irin ta ranar ba. Tsofaffi shida a igiya ta gaba, mata a baya da kafaɗu, Malama ta cire takalmanta masu tsini ta miƙa wa wata fure ta riƙe mata. Don Tiburcio yana ihu, "Ɗaya, biyu, tura!" yana kuma faɗa wa kowa cewa ba haka ake turawa ba. Wajen cocin keke ya tsaya cik, ya fara ja da baya, aka yi maza aka cusa duwatsu. 'Yan badujala tuni numfashi ya ƙare musu, mai babban ƙaho ne kaɗai ke fitar da wani gurnani jefi-jefi kamar sa mai mura.

"Wa ya ce a yi shi da katakon gaske?" in ji wata mata tana haki.

"Tambayi mai sanƙo!"

"Ku dai tura," in ji Don Tiburcio. "Faransawa na bayanku."

Sai yaran suka ga abin ya fi tafiya a layi daɗi. Fidencio ya fara zuwa ya sa kafaɗa, fiffikensa ɗaya ya karye, sauran suka biyo. Direban bas ma ya kashe inji ya hauro da fasinjoji biyu, ba su san me ake yi ba, sun dai ga ana tura abu. Keke ya motsa. Macrina ta leƙo da kai ta taga, gashin da aka kwantar ya miƙe, tana cewa, "Saura kaɗan! Ga makaranta can!"

A ƙofar makaranta Doña Eufrosina na tsaye a gaban tukwane, hannu a ƙugu. Keke ya tsaya. Macrina ba ta jira a ciro ta ba, ta diro ta ruga.

"Kaka, na dawo!"

"Yo da ina kika je, 'yar nema? Ni ko kewarki ban yi ba. Har na ba da gadonki haya." Tana faɗa tana share ido da gefen mayafi, ta rungume ta har da kwat ɗin, da hannun da ya sha miya. Malama ta gani, ta kau da kai, ta zauna a kan dakali tana duba tafin ƙafarta. Daɗi ya cika ta, irin wanda ta daɗe ba ta ji ba.

Kwat kuwa Macrina ta ƙi tuɓewa. Ta ce sai Lahadi, sai Babanta ya kira. Malama ta karya dokar shekara ashirin da shida ta bar mata.

Ran Lahadi bayan an fito coci, lasifika ta sanar cewa iyalan Anastasio, baban Macrina, su zo shagon waya, za a sake kira nan da minti goma. Malama ta bi su don ta karɓi kwat daga can. Ta tarar an ɗora Macrina a kan akwatin lemo don bakinta ya kai, wayar a hannu biyu, kwat duk tabon cakulan.

"Baba, ni ce shugaban ƙasa. E, da gaske, ina sanye da ita yanzu. Baba, ka ji, na je tasha. Na je na dawo." Ta saurara kaɗan. "A'a, saukar ba wuya. Hawan ne da wuya, amma tura mutum ake yi. In kun zo kai da Mama kun gaji, ku tsaya a tasha kawai, kada ku koma. Za a kira gayya mu sauko mu turo ku."

Can ɗaya gefen aka yi shiru mai tsawo. Macrina ta cire wayar daga kunne ta dube ta, ta miƙa wa kakarta.

"Kaka, ta lalace. Numfashinsa kawai nake ji."

Malama ta fita ba ta tambayi kwat ba. Ta ce a ranta ta karɓa ran Litinin.